Lissafin siminti a bangon gida, da inda jar ƙasa za ta iya maye gurbinsa

Duk buhun siminti mai kilo 50 da aka sauke a bakin gini, kafin ya iso ya riga ya saki iskar kabon da ta kai kilo 30 zuwa 40 a sararin samaniya, gwargwadon irin simintin da masana'antar da ta yi shi. Idan aka haɗa na duniya baki ɗaya, siminti kaɗai ke da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa. Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 cewa nan da 2060 za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take shanyewa, kuma a shekarar ce aka sa hannu a dokar sauyin yanayi. Amma ba a ofis ake cika irin wannan alkawari ba. Kowace unguwa da ke bunƙasa a bayan garin Kano ko Kaduna ko Maraɗi, bulo ne da filasta da kankare, kuma mai gida da birkilansa ne ke yanke shawarar buhu nawa za a zuba.

Mutane da yawa suna zaton hayaƙin daga man da ake ƙonawa ne kawai. Ba haka ba ne. A masana'antar siminti ta Obajana, ko Ashaka, ko Kalambaina, ko Malbaza ta Nijar, aikin ɗaya ne: a niƙa dutsen farar ƙasa da yumɓu, a gasa su a tanderu mai juyawa har zafi ya kai digiri 1,450, su dunƙule su zama kilinka, wato ƙulalan da ake niƙawa a yi siminti. Shi kansa dutsen, idan ya ji wuta, rabuwa yake yi da iskar da ke jikinsa. Kowane kilo 100 na tsantsar dutsen yana sakin kilo 44 na iskar kabon. Wajen kashi 60 cikin ɗari na hayaƙin kilinka daga nan yake, sauran ne na gawayin ƙasa ko gas. Ko da wutar rana za a gasa shi, wannan kason yana nan daram. Tan ɗaya na kilinka yana tafe da kilo 800 zuwa 900 na iskar. Saboda haka duk wata magana ta rage hayaƙi a gini, idan aka tace ta, tambaya ɗaya ce: kilinka nawa ta shiga ginin nan, kuma nawa ce daga ciki ba ta da wani aiki?

Sai dai a yi hattara da fassara wannan a matsayin izinin ha'inci. Mai buga bulo da ke cire guda 45 ko 50 masu inci 9 daga buhu ɗaya bai taimaki kowa ba. Bulon da ke marmashewa a hannu yana tilasta filasta mai kauri don rufe aibinsa, yana shan ruwa, yana tsagewa, a zo a sake gyara da wani simintin. Idan kuwa ginin ya rushe, an yi asarar rayuka, an kuma biya hayaƙin sau biyu. Inda aiki ya buƙaci siminti, wato harsashi da ginshiƙi da linta da dekin, a ba shi haƙƙinsa cif. Ragin da ake magana a kai yana wani wurin ne, kuma mafi yawansa a bango yake.

Ga lissafin. Murabba'in mita ɗaya na bangon bulo mai inci 9 yana cin bulo 10. Idan an buga su da kyau, guda 30 a buhu, simintin da ke cikinsu ya kai kilo 17. A ƙara wajen kilo 5 na kwaɓin ɗora bulo, da wajen kilo 8 na filasta ciki da waje, an tashi da kusan kilo 30. Yanzu a ɗauki bulon jar ƙasa da aka matse a inji, mai tsawon santimita 29.5, faɗi 14, kauri 9. Nauyinsa kilo 7 da 'yan kai. Idan an sa masa siminti kashi 5 cikin ɗari na nauyin ƙasar, kowane ɗaya bai wuce giram 360 ba. Guda 33 ke rufe murabba'in mita a bango mai kaurin santimita 14, wato kilo 12, da kwaɓin ɗorawa a ce kilo 15. Ba ya buƙatar filasta idan an jera shi da tsabta. Rabi ke nan. A gidan da bangonsa ya kai murabba'in mita 250, bambancin ya kai buhu 75, wato iskar kabon sama da tan 2, ban da kuɗin da ya tsaya a aljihu.

Amma ga inda masu tallar wannan bulo ba su cika faɗin gaskiya ba. Idan aka ninka bangon ya zama santimita 29.5, bulo 66 ake buƙata, simintin ya koma daidai da na bulon yashi. Idan kuma tsoro ya sa aka ɗaga simintin zuwa kashi 10 a irin wannan bango, an haura kilo 45 a murabba'in mita, an zarce bulon da ake gudu. Jan launi ba shi ke sa bango ya zama mai sauƙin hayaƙi ba. Wanda yake son bango mai kauri don sanyin ɗaki, kuma dalili ne mai kyau a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, gara ya koma ga tubali ko bulon ƙasa da ba a sa wa siminti ba, ya kashe kuɗinsa wajen kare shi daga ruwa. Magabata ba su san wani abu wai shi kilinka ba, amma Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 yana nan, haka tsohon garin Agadas da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013.

Nasarar bulon ƙasa ko faɗuwarsa tana farawa ne daga ramin da aka ɗebo ƙasar. A kwashe ta sama, wadda ke da saiwa da ruɓaɓɓen ganye, aƙalla santimita 30, domin wannan ƙasar noma ce, kuma abin da ke cikinta yana hana siminti kamawa. Idan ƙasa ta jiƙe tana warin taki, a bar ta. Baƙar laka mai tsagewa da rani, irin ta fadama da ta yankin tafkin Chadi, ba ta wannan aiki, saboda tana kumbura tana motsewa. Ƙasa mai kanwa ko gishiri ita ma haka. Abin nema shi ne jar ƙasa mai birji, wadda yashi da ƙananan tsakuwa suka fi rabi a cikinta, yumɓu kuma ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 20.

Ana iya gane wannan ba tare da ɗakin gwaji ba. A sami kwalba mai miƙaƙƙen jiki, a zuba ƙasa zuwa kashi ɗaya bisa uku, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Cikin minti ɗaya yashi zai kwanta. Bayansa sai lallausar ƙasa, yumɓu kuma shi ne na ƙarshe, yana iya kwana bai gama sauka ba. A auna kaurin kowane da rula. Sannan a kwaɓa wata, a mulmula ta kamar kaurin babban yatsa ko fiye kaɗan, a riƙa turo ta a hankali daga gefen tebur. Idan ta katse kafin santimita 5, yashi ya yi yawa. Idan ta wuce 15 ba ta katse ba, yumɓu ya yi yawa, sai an ƙara yashi. Gwajin da ya fi amfani shi ne na akwati: a sa kafinta ya yi dogon akwati mai santimita 60 da faɗi 4 da zurfi 4, a shafa masa mai, a danna jiƙaƙƙiyar ƙasa a ciki, a bari ta bushe a inuwa mako guda. Sai a tura ta gefe ɗaya a auna giɓin da ta bari. Idan giɓin bai kai santimita ɗaya da rabi ba, siminti kaɗan ya ishe ta. Idan giɓin ya kai santimita 6, kada a yi ta lafta siminti da nufin gyara ta, ɓarna ce. Ko a sirka da yashi, ko a koma ga farar ƙasa, wadda ta fi dacewa da ƙasa mai yumɓu, sai dai tana ɗaukar lokaci kusan ninki biyu kafin ta yi ƙwari.

A shanya ƙasar ta bushe, a farfasa ƙulalan, a tankaɗe ta a rariyar waya mai ido bai wuce santimita ɗaya ba. Ƙulalan yumɓu da aka bari su ne ke shan ruwa daga baya su fasa bulo daga ciki. Buhu ɗaya na siminti na busasshiyar ƙasa kilo 1,000 ne idan ana son kashi 5. A baro mai cin lita 65 wannan ya kai baro 11 ko 12, amma kada a dogara da ido, a ɗora baro ɗaya a sikeli tun ranar farko a san nauyinsa, a kuma riƙa share bakinsa da katako ba tsororuwa. Daga wannan haɗin ana samun bulo wajen 135. A gauraya siminti da ƙasa a bushe har launin ya zama ɗaya, aƙalla juyi uku, kafin ruwa ya taɓa su. Ruwan kuma yayyafawa ake yi da garwar ban-ruwa. Ga yadda ake sanin ya isa: a dunƙule cikin hannu, a sake shi daga tsayin kusan mita ɗaya a kan daɓe. Idan ya warwatse ya zama gari, ruwa bai isa ba. Idan ya faɗi ya tsaya a dunƙule, ya yi yawa. Idan ya rabu gida huɗu zuwa bakwai, an dace.

Da zarar ruwa ya shiga, a matse haɗin cikin sa'a ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa a wuraren aiki shi ne a kwaɓa tuli guda da safe a yi ta ɗiba har azahar. Simintin ya riga ya fara kamawa a tulin, matsawar ta karya abin da ya ƙulla, sai bulon ya fito da kyan gani amma ba ƙarfi. A riƙa haɗa abin da inji zai cinye kawai. Injin hannu, irin wanda Raul Ramirez ya ƙirƙiro a Kolombiya a shekarun 1950 mai suna CINVA-Ram, maƙeran walda suna iya kwaikwayonsa, kuma hukumar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, ta daɗe tana ƙera irinsa. Abin lura a injin hannu shi ne awon ƙasar da ake zubawa a kowane bugu. Idan ta yi kaɗan, hannun injin zai sauka da sauƙi, bulon bai matsu ba. Lebura da ya gaji zai fi son haka, don haka a yi masa mudun awo, a kuma riƙa canjin hannu.

Daga nan sai jinya, kuma nan ne yanayinmu ke cin mutane. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha ya ƙulla. Bulon da aka baje a rana da iskar hunturu yana bushewa cikin yini ɗaya, simintin da ke ciki ya tashi a banza, an biya kuɗinsa da hayaƙinsa ba a mori komai ba. A jera sababbin bulo kusa da juna, a rufe da leda nan take. Washegari a tara su, a yayyafa ruwa, a sake lulluɓewa ruf har gefe. Kwana 7 shi ne mafi ƙaranci a ƙarƙashin leda, 14 ya fi, sannan a bar su a inuwa su cika kwana 28 kafin a ɗora. Kafin a fara gini, a ɗauki guda biyar a nutsar a ruwa yini da kwana. Wanda ya narke ko gefensa ya zube da ɗan matsi, haɗinsa bai yi ba. In gini ne mai hawa, wannan bai wadatar ba, a kai samfur ɗakin gwaji na jami'a ko kwalejin fasaha a murƙushe shi a jiƙe a ga abin da zai ɗauka, injiniya ya sa hannu.

Bangon ƙasa ba ya tsoron nauyi kamar yadda yake tsoron ruwa, ta ƙasa da ta sama. A ɗaga harsashi da dutse ko bulon siminti mai kyau santimita 30 zuwa 45 sama da ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri a kai kafin layin farko, don hana damshi hawa, a kuma yi maganin gara. Rufin kwano ya fito aƙalla rabin mita daga bango, musamman ta gabas inda ruwan damina ke bugowa. In soro ne, indararo ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango. A ɗaure saman bangon da linta mai zagaye gidan duka, a nan ba a rowar rodi da siminti. Dogon bango siriri kuma a riƙa tokare shi da bangon tsakiya ko ginshiƙi.

Akwai wani abu da ke rusa tsofaffin gidajen ƙasa a birane fiye da damina, shi ne filastar siminti a kan tubali. Mai gida yana ganin ya kare bangonsa. Amma ƙasa tana numfashi, tana kumbura tana komawa, siminti kuwa ba ya bin ta. Sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, bangon ya jiƙe a ɓoye har ranar da ɓawon zai ɓantalo da rabin bangon a jikinsa. Yaɓen ƙasa da makuba, ko shafen farar ƙasa da yashi, su ne abokan tafiyar tubali. Suna buƙatar sabuntawa, gaskiya ne, amma suna nuna ciwo tun yana ƙarami.

Jan bulo da ake gasawa da itace ba mafita ba ne. Ba siminti a cikinsa, amma dajin da ya ci ya fi ƙarfin abin da ya rage. Haka ma azara: giginya ta yi ƙaranci, shi ya sa tun shekarun 1980 aka fara koya wa magina a Nijar rufin baka da na tuluwa da bulon ƙasa zalla, ba itace ko ɗaya.

A ɓangaren kankare, ruwa ne ɓarawon siminti. Haɗin 1:2:4, wato awon siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, yana cin buhu 6 ko fiye kaɗan a kankaren da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa kowanne mita ɗaya ne, kuma ruwan da ya dace da buhu bai wuce lita 25 zuwa 28 ba, har da damshin da ke jikin yashi. Leburori suna ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin zuba daga kwanon sarki. Ruwan da ya yi rara yana ƙafewa ya bar ƙananan ramuka, ƙarfin ya ragu, sai a ce simintin ne bai isa ba, a ƙara buhu. Yashi mai laka shi ma haka yake jawowa. A wanke ko a canza yashi, a auna ruwa da bokiti, a yi amfani da injin girgiza kankare, a jiƙa dekin kwana 7 a jere. Sannan a nemi injiniya ya yi lissafi. Gidaje da yawa masu hawa ɗaya suna ɗauke da ginshiƙai da kaurin daɓe da aka kwafo daga zanen bene, don kawai birkila ya saba da haka. Kuɗin injiniya bai kai na kankaren da aka binne ba gaira ba dalili.

Rodi shi ma yana da nasa kaso. Ƙarfen da aka narka daga tama yana fitar da kusan tan 2 na iskar kabon a kowane tan, na tsofaffin ƙarafa da 'yan gwangwan ke tarawa kuwa ƙasa da haka sosai. Matsalarsa a kasuwarmu ita ce inganci, don haka a auna kaurinsa, a lanƙwasa samfur a gani ko zai tsage.

A kan buhun siminti akwai lamba mai nuna ƙarfinsa, 32.5 ko 42.5. Mai 32.5 yawanci ya fi yawan garin dutsen farar ƙasa da ba a gasa ba, wato kilinkarsa ta fi kaɗan. Ya isa ɗora bulo da filasta da bulon ƙasa. A ajiye mai 42.5 don ginshiƙi da dekin. Sayen mai ƙarfi don shafe bango ɓarnar kilinka ce.

Babban canjin da ake jira daga masana'antu shi ne simintin da ake kira LC3, wanda masu bincike na Suwizalan da Kuba da Indiya suka inganta. Kilinka rabi ce kawai a cikinsa, sai gasasshen yumɓu kashi 30, garin dutsen farar ƙasa 15, jifsam 5. Yumɓun a zafin digiri 800 ake gasa shi, kuma ba ya sakin kabon daga jikinsa kamar dutse, shi ya sa hayaƙin ke raguwa da kashi 30 zuwa 40. Ba ya buƙatar farin yumɓu mai tsada, yumɓun da kawolin ɗinsa, wato farin ma'adinin da ke cikin yumɓu, ya kai kashi 40 ya wadatar. An riga an kafa masana'antun gasa yumɓu a Abijan da Tema, mu kuwa ga kawolin a Ƙanƙara da Alkaleri. Wannan aiki ne na masu masana'anta da hukumar kula da ingancin kaya, kuma ya kamata injiniyoyi da 'yan kwangila su riƙa tambayarsa da babbar murya.

Ɓuntun shinkafa da ke tule a bayan injinan casa a Kura da Haɗejiya da Kebbi shi ma yana da amfani. Tokarsa na iya maye kashi 10 zuwa 20 na siminti, amma da sharaɗi: a ƙona shi a zafin digiri 500 zuwa 700 da isasshiyar iska har tokar ta yi fari-fari, sannan a niƙa ta lukui. Baƙar toka daga juji gawayi ce, tana shan ruwa tana raunana kankare. Wadda wuta ta yi wa yawa kuma ta zama kamar yashi, ba ta haɗuwa da siminti. Ba abin da za a gwada a dekin ba ne sai da gwaji.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne ido. An ɗauki gidan ƙasa alamar rashi, mai neman aure ma ana duba ko gidansu na bulo ne. Ba wa'azi ke kawar da wannan ba, gani ne. A Dandaji ta jihar Tawa, masu zanen gine-gine Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da matsattsen bulon jar ƙasar yankin, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. A Yamai akwai gidaje masu hawa biyu da aka gina da irinsa a 2016. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a 2001, ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2022. Gwamnatocin jihohi da ke gina ajujuwa da ɗakunan shan magani da yawa a kowace shekara su ne suka fi kowa damar nuna wannan, su kuma horar da magina a kan aikin.

Sai batun ramin da aka bari. Kududdufan da ke cikin tsofaffin unguwanni daga ɗibar ƙasar gini suka samo asali, yau sun zama matattarar shara da sauro, yara kuma na faɗawa. Kafin a tono sabon wuri, a fara da ƙasar da ta fito daga harsashi da ramin masai da rijiya, a gwada ta, sau da yawa tana ɗaukar wani kaso na bangon. Abin da ya rage a ɗebo daga wurin da hukuma ta amince, kuma kada ya yi nisa, domin man tifa yana cinye ribar da aka samu. Ƙasar saman da aka kwashe a tara ta gefe, idan an gama a sassauta gangaren ramin a mayar da ita a kai.